Abin da ya ka da Hisen Habre na Cadi cikin mako uku

 

A zamanmu na ƙungiya da ya wuce, da aka gama lissafin kuɗin asusu, sai hira ta karkata wajen Cadi, gardama ta kaure a kan faɗuwar Hisen Habre. Wasu suka ce Faransa ce ta cire shi. Wasu suka ce a'a, Gaddafi ne ya rama kashin da aka ba shi. Wani dattijonmu da ya yi shekaru yana fatauci tsakanin Difa da Injamena ya bari kowa ya gama, sannan ya ce ku duka kun taɓo gefe ne kawai, mutumin nan da hannunsa ya kwance igiyar da ke riƙe da rumfarsa. Ba a rabu da matsaya ba, sai aka ɗora mini in rubuta abin da na sani a wannan takarda tamu. To ga shi. Ni dai ina bayan dattijo, amma zan kawo labarin daki-daki don kowa ya auna da kansa. Cadi maƙwabciyarmu ce, Tubawansu su ne Tubawanmu, tafkinmu ɗaya, abin da ya same su bai taɓa tsayawa a kan iyaka ba.

Abin mamakin da ya kamata mu fara dubawa shi ne wannan. A shekarar 1987 sojan Habre suka kori sojan Libiya daga arewacin Cadi, ga tankokin yaƙi, ga jiragen sama, duk ba su hana ba. A watan Yuni na wannan shekara shugaban Amurka, Regan, ya karɓe shi a fadarsa da girmamawa. A ran 10 ga Disamba 1989 aka yi ƙuri'a a Cadi, aka ce fiye da 99 cikin 100 sun yarda da sabon tsarin mulki da kuma ba shi shekara bakwai nan gaba. Ko shekara ɗaya bai cika a cikin bakwai ɗin ba. Ƴan tawaye suka taso daga iyakar Sudan ran 10 ga Nuwamba 1990, ran 1 ga Disamba gari ya waye Habre yana hayin kogi, a ƙasar Kamaru. Yaya wanda ya fi ƙarfin Gaddafi ya kasa tare ƴan ƙasarsa na mako uku?

Sai mun koma baya kaɗan. An haifi Habre a Faya, can arewa cikin hamada, a 1942. Shi Bagorane ne, wato daga Dazawa, reshen Tubawan nan da muka sani a wajen Tesker da Ngurti. Yaro ne mai kai, ya yi lakwal, ya yi aikin gwamnati, aka tura shi Paris ya karanta shari'a da ilimin siyasa. A lokacin Tombalbay ne ke mulki, mutumin kudu. Tun ƙarshen 1965 talakawan Mangalme suka tayar wa masu karɓar haraji, a 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Niyala na Sudan. Habre ya dawo gida a 1971, bai daɗe ba ya koma wajen ƴan tawayen, ya haɗu da Gukuni Wadai, ɗan Darde, sarkin Tubawan Tibesti. Duniya ta fara jin sunansa a Afrilu 1974, sa'ad da mutanensa suka kama Turawa a Bardai, cikinsu da wata Bafaransa mai binciken kayan tarihi, Madam Kulostir, wadda ta yi kusan shekara uku a hannu. Hafsan da Faransa ta aiko don a daidaita, kumandan Galofen, kashe shi aka yi a 1975. Ku riƙe wannan a ranku. Sojan Faransa sun yi aiki da Habre daga baya, amma ba su manta ba.

A 1976 ya rabu da Gukuni, don shi bai yarda da mamayar da Libiya ta yi wa yankin Awzu ba. A 1978 ya shirya da shugaba Malum, aka naɗa shi faraminista, cikin wata shida suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Injamena. Aka yi taron sulhu a Kano da Legas a 1979, aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa, Gukuni shugaba, Habre ministan tsaro. A Maris 1980 faɗa ya sake ɓarkewa, wata tara ana ruwan wuta a birnin, jama'a suna tsallake kogin Shari cikin kwale-kwale zuwa Kuseri. Da Gaddafi ya kawo wa Gukuni sojoji, sai Habre ya gudu a Disamba 1980, ya koma ya yi sansani a kan iyakar Sudan.

A nan ne nake so a tsaya a duba da kyau. Daga wannan iyaka ta gabas, da taimakon Sudan da Masar da Amurka, Habre ya sake ɗaura ɗamara. Sojan Libiya na janyewa a Nuwamba 1981 sai ya kama Abeshe, ya biyo hanya har ya shiga Injamena ran 7 ga Yuni 1982, Gukuni ya haye Kamaru. Su wa suka ja masa wannan yaƙi? Manyan cikinsu samari ne biyu daga ƙabilar Zagawa, Idris Debi da Hasan Jamus. Kada sunan ya ruɗe ku, ba shi da haɗi da ƙasar Jamus, da Larabcin Cadi jamus ɓauna ke nan. Zagawa kuwa mutanen wannan iyaka ne, rabinsu a Cadi, rabinsu a Darfur ta Sudan. Sun san kowace rijiya da kowane kwari. Hanyar da aka bi aka ka da Habre a 1990, ita ce hanyar da shi ya bi ya hau, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi masa jagora a karon farko shi ne ya jagoranci na biyu.

Mulkin Habre kamar tukunya ne a kan duwatsun murhu uku. Dutse na farko Gorane, danginsa. Na biyu Zagawa. Na uku Hajarai, mutanen duwatsun Gera a tsakiyar ƙasa, waɗanda suka ba shi mayaƙa masu yawa tun yana daji. Babban mutuminsu shi ne Idris Miskin, wanda ya zama ministan harkokin waje, mai farin jini ciki da waje. Da waɗannan uku ya ci Injamena, da su ya riƙe ta.

A Janairu 1983 ya kafa wata hukuma ta ƴan sandan ciki, ana ce mata DDS. Takardar da ta kafa ta ta ce kai tsaye tana ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, kuma shugabanninta duk na jikinsa ne. A 1984 ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, UNIR, kowa sai ya shiga. Jam'iyyar da DDS suka baza kunnuwa a kowace unguwa da kowace kasuwa. Dattijon nan namu ya ce a zamanin in ka sauka a Injamena, mai masaukinka yakan ja ka gefe ya ce, a nan ana maganar farashin kaya da lafiyar iyali, ban da su kada bakinka ya wuce. Akwai wani wurin wanka na Turawan mulkin mallaka, babban kwarmi na siminti, aka rufe samansa, aka yanka shi ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ya zama kurkuku, ana kiransa Pisin. A lokacin bazara zafi da ƙishirwa da cunkoso kaɗai sun isa kashe mutum a ciki. Akwai ɗaurin da suke kira arbatashar, a haɗa hannuwa da ƙafafu ta baya a tamke, wanda ya fita da rai sau da yawa hannunsa ya shanye. Ba zan tsawaita a nan ba, don takardar nan yara ma na karanta ta.

Mutanen kudu aka fara da su. A Satumba 1984 sojan gwamnati suka shiga yankin Sar da Mundu don murƙushe ƴan tawayen da ake kira Kodo, aka kashe malaman lakwal, da ma'aikata, da masu gari, aka ƙone ƙauyuka. Har yau mutanen kudu baƙin Satumba suke kiran watan. Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: a lokacin Idris Debi ne babban hafsan sojan ƙasar. Saboda haka kada wani ya ɗauka faɗan 1990 tsakanin mai laifi da mai tsarki aka yi shi. Abokan tafiya ne suka ɓata.

Sai aka juyo kan dutsen murhu na uku. Idris Miskin ya rasu farat ɗaya a Janairu 1984, gwamnati ta ce zazzaɓi ne, Hajarai da yawa ba su yarda ba. Zargi ya yi ta ruruwa har wani hafsa daga cikinsu, Maldum Bada, ya shiga daji ya kafa ƙungiyar tawaye. A 1987 DDS ta bi Hajarai gida-gida, a Injamena da cikin Gera, ba ta tambayar me ka yi, sai dai wane ne ubanka. Aka kama manyansu, aka ƙone garuruwa. Ku lura da shekarar. Ita ce dai shekarar babbar nasara a kan Libiya.

Wannan nasara ta cancanci a faɗe ta, don ba ƙaramin abu ba ce. Tun 1983 Libiya ke riƙe da arewacin Cadi, sojan Faransa suka ja layi a tsakiyar ƙasar suka ce kada ta wuce. A ƙarshen 1986 mutanen Gukuni da ke Tibesti suka juya wa Gaddafi baya, dama ta samu. Faransa ta ba Cadi motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya wajen 400, da makamai masu fasa tanka. Ran 2 ga Janairu 1987 Hasan Jamus ya auka wa sansanin Fada, aka kashe sojan Libiya fiye da 700, aka lalata tankoki masu yawa. Dabararsu ita ce gudu. Motoci su taso ta ko'ina cikin ƙura, su kutsa tsakanin tankoki, kafin mai igwa ya juya bakinta an riga an harbe shi, in ma ya harba ɗan'uwansa zai samu. A Maris suka ci Wadi Dum, babban sansanin jiragen Libiya, suka kama kumandansa, wani kanar mai suna Halifa Haftar, wanda kuka ji sunansa daga baya a rikicin Libiya. A Satumba suka shiga cikin ƙasar Libiya kanta suka ragargaza filin jirgin Matan Sara. Ran 11 ga Satumba aka tsagaita wuta. Turawa suka sa wa yaƙin suna yaƙin Toyota.

To a nan ƙwayar maganar take. Yaƙin ya sa sunan Hasan Jamus ya cika ƙasa, kuma shugaba mai zargi ba ya son a ambaci wani suna kusa da nasa. Tun 1985 ya riga ya ɗauke Debi daga kan sojoji ya tura shi makarantar yaƙi a Paris, da ya dawo ya ajiye shi a fada a matsayin mai ba da shawara. Bayan nasara sai ya ƙara ƙarfafa rundunar tsaron fadarsa, wadda kusan duk Gorane ne, su ke da sababbin motoci da makamai masu kyau da albashi a kan kari. Sauran sojoji, waɗanda suka bar ƴan'uwansu a rairayin Fada da Wadi Dum, suna kallo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ma'aikatan gwamnati kuma sun yi shekaru a kan rabin albashi, ga kuɗin gudummawar yaƙi da ake karɓa a hannun ma'aikaci da ɗan kasuwa. Muddin Libiya na bakin ƙofa, mutane sun daure. Da yaƙi ya ƙare, karɓar ba ta ƙare ba, aka fara tambayar ina kuɗin ke zuwa, a ɓoye.

Daren 1 ga Afrilu 1989 abin ya fashe. Gwamnati ta ce Hasan Jamus, babban hafsan soja, da Idris Debi, da Ibrahim Itno, ministan cikin gida, sun ƙulla juyin mulki. Magoya bayansu suka ce sun ji labarin za a kama su ne suka yi ta kansu. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya. Aka kama Itno a Injamena, ya mutu a tsare. Jamus da Debi suka fita da ƴan motoci suka nufi gabas, ana bin su ana faɗa a hanya. Aka ji wa Jamus rauni aka kama shi, shi ma bai fito da rai ba. Mutumin da ya kori Libiya daga Cadi, shekara biyu bayan Wadi Dum, a hannun gwamnatinsa ya mutu. Debi ya tsira ya shiga Darfur.

Da Habre ya tsaya a kan mutum ukun nan, wataƙila da labarin ya canza. Amma sai aka yi wa Zagawa abin da aka yi wa Hajarai. Aka kama ɗaruruwa, sojoji da malamai da ƴan kasuwa da ɗalibai, aka ƙone ƙauyuka a gabas. Kowane Bazagawe da ke cikin soja ya gane cewa zamansa a bariki jiran ranarsa ne. Suka riƙa sulalewa da bindigoginsu, wani har da motar, suna bin Debi. Habre da kansa ya tara wa abokin gabansa runduna, kuma ba rundunar sababbin shiga ba, gwanayen yaƙin Toyota ne. Hajarai na Maldum Bada da wasu ƴan kudu suka zo suka haɗu da su, a Maris 1990 suka kafa ƙungiya ɗaya mai suna MPS, Debi a kan gaba. Tukunya ta rage a kan dutse ɗaya.

Yanzu mu zo kan masu cewa Gaddafi ne. Suna da tasu gaskiyar. Debi ya je Libiya, ya samo kuɗi da motoci da makamai, ko da yake shekarun baya shi ne ke yaƙar ta. A Sudan kuma Umar al-Bashir ya ƙwace mulki ran 30 ga Yuni 1989, wata uku bayan gudun Debi, gwamnatinsa na neman taimakon Libiya, ta bar ƴan tawayen suka yi sansani a Darfur cikin danginsu. Ba don wannan mafaka da waɗannan makamai ba, da Debi bai dawo da wuri haka ba. Sai dai ku tuna Gaddafi ya yi shekaru yana zuba wa ƴan tawayen Cadi kuɗi da makamai, ya kawo sojansa da jiragensa, duk bai ka da Habre ba tun daga 1982. Abin da ya canza a 1990 shi ne hannun da ya karɓi makaman. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu cewa Faransa ce su ma ba su yi ƙarya ba. Tun Fabrairu 1986 sojan Faransa ke zaune a Cadi da jiragen yaƙi, a Injamena da Abeshe. Da sun tashi jirage biyu ko uku a kan jerin motocin Debi a fili, da tafiyar ta yi wuya. Ba su tashi ba. Suka ce yarjejeniyarsu ta kare Cadi ce daga harin wata ƙasa, wannan kuwa rigima ce ta ƴan gida. Dalilan wannan zama suna da yawa. Amfanin Habre a wurinsu shi ne tare Gaddafi, to a Agusta 1989 Cadi da Libiya sun sa hannu a Aljes cewa za su warware maganar Awzu cikin lumana, daga baya aka kai ta kotun duniya, wadda ta ba Cadi gaskiya a 1994. Na biyu, sun ga ya karkata wajen Amurka ƙwarai. A kusa da Injamena Amurkawa na horar da fursunonin yaƙin Libiya, ƙarƙashin Haftar ɗin nan, don su koma su yaƙi Gaddafi, Faransa kuwa ba ta son a yi shuka a gonar da take ganin tata ce ba da saninta ba. Na uku, a Yuni 1990 shugaba Miteran ya tara shugabannin Afirka a garin Labol, ya ce daga yanzu taimako zai bi waɗanda suka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Habre na cikin waɗanda suka nuna ɓacin ransu a fili. Amurka kuma, katangar Balin ta faɗi, tun Agusta 1990 hankalinta na kan Iraƙi da Kuwaiti. Da ya waiwaya, babu kowa a bayansa.

A nan bari in ɗan ratse, don abin ya shafe mu. Ran 10 ga Disamba 1989 ɗin nan da aka yi ƙuri'a a Cadi, a ranar ce mu ma aka kai mu rumfunan zaɓe, ɗan takara ɗaya, jam'iyya ɗaya, aka ce Janar Ali Saibu ya samu fiye da 99 cikin 100. Wata biyu bayan haka, ran 9 ga Fabrairu 1990, aka harbi ɗalibai a gadar Kenedi a Yamai. Iskar da ta kaɗa a Cadi ita ta kaɗa a nan. Bambancin shi ne, a nan akwai ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai da suka iya fitowa titi, mai mulki kuma ya sassauta, ya yarda da jam'iyyu, aka yi babban taron ƙasa a 1991, ya sauka da ƙafarsa a 1993, ya zauna a ƙasarsa har ya rasu. A Cadi Habre bai bar ƙungiya ko jarida ko malami da zai iya ce masa a'a ba. Wanda ke da ƙorafi hanya biyu ta rage masa, kurkuku ko daji. Ban ce namu ya tafi sumul ba, kun san abin da ya faru a Cintabaraden a 1990, kun san juye-juyen mulkin da suka biyo baya. Amma wannan bambanci ɗaya yana nan.

Yaƙin ƙarshe bai yi tsawo ba. Debi ya gwada hari a Maris 1990, aka mayar da shi, sojan Habre suka bi shi har cikin Darfur. Bayan damina, ran 10 ga Nuwamba, ya dawo da shiri. Aka gwabza a wajen Tine da Iriba da Gereda, kusa da iyaka. Habre, wanda ba a taɓa zarginsa da tsoro ba, ya tafi bakin daga da kansa don ya jagoranci yaƙin. Kuskure ne, amma wa ya rage da zai ba amanar runduna? Aka fatattaki dakarun da ya fi dogara da su, shi kansa da ƙyar ya kuɓuta. Daga nan sauran sojoji suka ga babu dalilin mutuwa. Wasu suka miƙa wuya, wasu suka tuɓe kaki suka watse. Abeshe ta faɗi ran 29 ga Nuwamba. Daga can zuwa Injamena fiye da kilomita 700 ne, ba wanda ya tsaya ya tare hanyar. Daren 30 ga wata Habre ya kwashe abin da ke baitulmali, fiye da sefa miliyar 3, ya haye Kuseri kamar yadda Gukuni ya haye shekara takwas da rabi kafin nan. Daga Kamaru ya wuce Dakar. Aka buɗe gidajen kurkuku, waɗanda suka rage da rai suka fito, wasu ba sa iya tafiya. Debi ya shigo ran 2 ga Disamba, ya gaya wa jama'a cewa bai kawo musu zinariya ko azurfa ba, ƴanci ya kawo. Amurkawa suka yi sauri suka kwashe mutanen Haftar a jirgi. Ragowar sojan Habre da yawa suka tsallako wajenmu, yankin Difa da Ngigmi da bakin tafki, mutanen can sun ga bindigogin da suka shigo da su, sun kuma sha wahalarsu shekaru.

Akwai masu cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, wai Habre bai san abin da ake yi da sunansa ba. Takardu sun ƙaryata wannan. Kwamitin bincike da sabuwar gwamnati ta kafa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum wajen 40,000 suka mutu ta kisa ko a tsare. A 2001 masu bincike suka shiga tsohon ofishin DDS suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura, a ciki akwai sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a kurkuku, da 12,321 da aka kama ko aka azabtar, da rahotanni masu yawa da aka aika wa shugaban kai tsaye. Wani ma'aikaci mai suna Suleman Gengeng, da ya yi alkawari yana kurkuku cewa in ya fita zai nemi hakki, shi da ƴan'uwansa suka yi fiye da shekara ashirin suna bin maganar daga kotu zuwa kotu. A ƙarshe Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa kotu ta musamman a Dakar. Aka fara shari'a a Yuli 2015, Habre ya ƙi magana, ya zauna da rawani da baƙin tabarau. Ran 30 ga Mayu 2016 alƙalai, babbansu ɗan Burkina Faso, suka yanke masa ɗaurin rai da rai, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Afrilu 2017, ta kuma ce a biya waɗanda aka zalunta diyyar sefa miliyar 82. Da yawa daga cikinsu sun mutu suna jira.

Idris Debi ya yi shekara talatin a kan mulki. Shi ma ƴan tawaye sun taso masa daga Darfur, cikinsu har da danginsa na jini, a Fabrairu 2008 suka kai har ƙofar fadarsa, amma a wannan karon Faransa ba ta naɗe hannu ba. A Afrilu 2021 wasu ƴan tawayen suka shigo daga Libiya, akasarinsu Gorane, ya tafi bakin daga a yankin Kanem, aka ji masa rauni, ran 20 ga wata aka ba da sanarwar rasuwarsa. Wata huɗu bayan haka, ran 24 ga Agusta 2021, cutar korona ta ɗauke Hisen Habre a wani asibiti a Dakar, yana da shekara 79. A can aka binne shi, a maƙabartar Yof, bai sake taka ƙasar Cadi ba tun daren da ya haye kogi.

Wanda ke da gyara ko ƙari, musamman iyayenmu da suka zauna Cadi a waɗannan shekaru, ya aiko wa sakataren ƙungiya a sa a fitowa ta gaba. Wassalam.